Wa Ya Buɗe Dajin? Sharhi a Kan Yadda Ake Rubuta Tarihin Zaman Manoma a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a rubuce-rubucen tarihi, watau cewa kudancin ƙasar Katsina daji ne da ba mai shi, har Turawan mulkin mallaka suka zo suka buɗe shi ga manoma. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da abubuwa uku: dokar ƙasa ta 1910, da hanyar jirgin ƙasa, da kuma noman auduga. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai, batun doka. Bayan kwamitin da Gwamna Girouard ya sa aka kafa ya zauna a Landan a 1908, an zartar da dokar 1910 wadda ta sanya dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, wai domin ya riƙe ta amana saboda amfanin 'yan ƙasa. Robert Shenton, a littafinsa na 1986, ya yi ƙoƙari wajen nuna tasirin ra'ayin Henry George a kan waɗanda suka tsara dokar, da yadda ta toshe hanyar samuwar rukunin masu mallakar manyan filaye. Mun yarda da shi a nan. Inda muke da ja shi ne, irin wannan nazari yakan dubi ƙasa daga teburin Razdan. Manomin da ya taso daga arewa ya sauka a ƙasar Bakori ko Ƙanƙara bai nemi takardar Gwamna ba. Wurin mai unguwa ya je, mai unguwa ya kai shi ga dagaci, aka nuna masa saura ko bakin daji, ya sare, aka sa sunansa cikin masu biyan haraji. Ashe abin da dokar ta yi a aikace shi ne ƙarfafa hannun hakimai da dagatai, domin yawan talakawan da hakimi ya tara shi ne yawan harajinsa da girmansa a idon En'e.

Abu na biyu, da'awar cewa daji ne fayau ba ta tsaya ba. Aikin Yusufu Bala Usman na 1981 a kan tarihin Katsina ya nuna cewa garuruwa irin su Maska da Gozaki tsofaffi ne, suna da noma da sana'o'insu tun kafin jihadi. Abin da ya rage mutane a wasu sassan shi ne yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, musamman hare-haren da ke fitowa daga Maraɗi, waɗanda suka tilasta wa jama'a matsuwa cikin garuruwa masu ganuwa. Da hare-haren suka lafa bayan 1903, sai mutane suka bazu, wasu ma kufan kakanninsu suka koma. Har ila yau, dajin da Bature ya rubuta a matsayin fanko, makiyaya ce ga Fulani masu biyan jangali, wurin farauta ne, kuma a nan mata ke samun kaɗanya da ɗorawa.

Abu na uku shi ne auduga. Babu mai musun cewa hanyar jirgin da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtua ta isa Ƙauran Namoda a 1929 ta sauya fuskar yankin, har Funtua ta sha gaban Maska. Kamfanin B.C.G.A., wanda aka kafa a Manchesta a 1902, ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar irin auduga a Daudawa. Amma tambayar da marubuta ba su cika yi ba ita ce: don wa aka yi? Masaƙun Lankasha ke neman abawa, aka tilasta irin Allen na Amurka, aka keɓe kasuwannin saye, aka matsa wa masaƙan gida. Kuma hukumar da ake yabo da buɗe ƙasa ita ce dai ta killace gandun daji ta hana noma a ciki. Hannun da ya buɗe shi ne ya rufe.

Binciken da Paul Clough ya yi a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi tun ƙarshen shekarun 1970, wanda ya fito littafi a 2014, ya fi kusa da hanyar da muke ganin ta dace, domin ya zauna da manoma ya ga yadda gandu da aure da bashi da fatauci ke haɗuwa wajen tara dukiya. Sai dai zamanin da ya duba na baya ne. Shekarun Sarki Muhammadu Dikko, 1906 zuwa 1944, suna jiran irin wannan aiki, ta hanyar gwama kundin haraji na gundumomi da tarihin baka na unguwanni: wa ya kafa, daga ina ya zo, wa ya ba shi wuri.

Wannan muhawara ba ta malamai kaɗai ba ce. Tunanin cewa ƙasa ta hukuma ce, ta ba wanda ta ga dama, ya wuce daga dokar 1910 zuwa ta 1962, ya shiga dokar soja ta 1978. Shirin raya aikin gona na Funtua, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya ƙara wa gona daraja, masu hali suka ƙara faɗaɗa gonaki, burtali da makiyaya suka ƙara tsukewa. Rikicin da ya ɗaiɗaita ƙauyukan Faskari da Sabuwa yana da dalilai da yawa, amma ƙarancin fili na cikinsu. Muddin tarihinmu na cewa ba kowa a dajin, to wanda aka raba da shi ba shi da bakin yin ƙara. Don haka muke kira ga masu nazari da su daina aron kalmar "buɗewa" daga rahotannin Turawa ba tare da sun tantance ta ba.