Dokin Laka da Sarkin da Ba Shi da Hoto

A Turai akwai masu ƙera 'yan mutum-mutumin sarakunan dā da dalma ko roba, su bi su da fenti ɗaya bayan ɗaya. Suna da abin dubawa. Charles na Biyar, wanda ya mulki Sifen da ƙasashen Jamus, mai zane Titian ya fito da shi a 1548 bisa doki, sanye da sulke, mashi a hannu, kuma zanen na nan a Madrid har yau.

Yaron garin Gangara, a ƙasar Sabon Birni, ba shi da wannan gatan. Idan ruwa ya ɗauke, sai ya ɗebo laka a bakin fadama, ya murza ƙafafu huɗu, ya lanƙwasa wuya, ya ɗora mahayi, ya soka masa tsinke a matsayin mashi, ya shanya a rana. Duk ƙwazon a kan doki yake ƙarewa: sirdi, linzami, har tudun ƙirji. Mahayin kuwa dunƙule ne mai rawani, ba ido ba hanci. Ba na ganin wannan kasawa ce. Babu wanda ya zana Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo yana raye, kuma al'ummar da ke ƙyamar sassaƙa surar mutum ta ajiye sarakunanta a kirari da tambari. Wasan yara ne kaɗai ya samu sassauci. Malamai kan kawo hadisin dokin wasa mai fukafukai na Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda.

Inda nake da ja shi ne abin da dokin ke koya wa yaro. Laka ta iya mayaƙi, ba ta iya zaman shawara ba. Bawa na bakin jama'a shi ne na fagen fama, wanda Katsina da Zamfara suka ji a jikinsu. Amma Bawan nan ne, wajen 1788, ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar kyautarsa, ya nemi abu biyar a madadinta, ciki har da 'yancin wa'azi, sakin fursunoni da sauƙaƙa wa talakawa haraji, sarki kuma ya amince. Sarkin da ke da dakaru ya saurari malamin da ba shi da ko ɗaya! Wannan ba ya murzuwa da yatsa, sai an faɗa da baki.

Nan ne aikin kaka da malamin firamare yake. Kufan Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808 a zamanin Sarki Yunfa, yana cikin ƙasar Sabon Birni, kusa da yaran nan. Yaron da ya iya ƙera doki zai iya ƙera ganuwa da ƙofofinta, ya jera malamai a gefe guda, idan an ba shi labarin Magami tun lakar tana ɗanya a hannunsa.