Waƙar Dylan a Hannun Hendrix da Waɗanda Suka Biyo Baya

A kiɗan rok na Amurka da Ingila, ba abin kunya ba ne mawaƙi ya ɗauki waƙar wani ya sake rera ta. Al'ada ce mai tushe, kuma a nan ake gane wanda ke da kunne. Waƙar da ta fi nuna mini hakan ita ce "All Along the Watchtower".

Bob Dylan ya naɗe ta a Nashville a ƙarshen 1967, bayan hatsarin babur ɗin da ya sa ya janye daga idon jama'a a 1966. Ta fito a faifan John Wesley Harding. Baiti uku ne kacal, babu amshi. Wawan sarki ne da ɓarawo ke zantawa kan ruɗanin duniya, sai a baitin ƙarshe a hango mahaya biyu sun tunkaro hasumiyar tsaro, iska ta taso, waƙa ta tsaya. Kayan kiɗan ma kaɗan ne: jita marar lantarki, harmonika, jitar bas a hannun Charlie McCoy, ganguna a hannun Kenny Buttrey. Dylan ya rera ta cikin wajen minti biyu da rabi, da muryar mai ba da labarin da ya riga ya san ƙarshensa. Tsoron yana nan, amma a danne yake.

Cikin Janairun 1968, makonni kaɗan da fitar faifan, Jimi Hendrix ya shiga sutudiyon Olympic a Landan da ita. Dave Mason ya kaɗa jita mai tsirkiya 12, Mitch Mitchell na kan ganguna. Da mai kaɗa bas, Noel Redding, ya fice ana cikin aiki, Hendrix ne daga baya ya kaɗa bas ɗin da kansa, ya kuma yi watanni yana gyara a New York kafin ta fito a faifan Electric Ladyland. Abin da ya yi shi ne ya saki guguwar da Dylan ya ambata kawai. Tsakanin baiti na biyu da na uku ya buɗe fili, jitarsa ta yi ta sauya murya: ta fara a miƙe, ta koma zamiya kamar kukan iska, ta shiga gunjin fedar wah-wah, sannan ta dawo da bugu mai kaifi. Kafin mahayan su bayyana, mai sauraro ya riga ya ji ƙasa na girgiza. Ita ce waƙarsa da ta fi hawa a jadawalin Billboard, ta kai lamba 20. A ganina ta cancanci fiye da haka nesa ba kusa ba.

Dylan kansa ya sallama. Tun rangadinsa na 1974 tare da The Band yake rera ta da lantarki da ƙarfi, kuma ya faɗa a bayanan faifan Biograph na 1985 cewa tun rasuwar Hendrix yake bin salonsa.

Salon ƙungiyar U2, wanda suka naɗa a San Francisco a 1987 ya fito a faifan Rattle and Hum, bai gamsar da ni ba. Akwai zafi, amma gaggawa ta yi yawa, mawaƙinsu Bono ya kuma cusa wasu layuka nasa masu bayyana manufa ƙarara, alhali ƙarfin waƙar yana cikin abin da ta ƙi faɗa.

Neil Young ya fi su fahimta. A bikin cikar Dylan shekara 30 a harkar waƙa, a Madison Square Garden cikin Oktoban 1992, ya bi hanyar Hendrix ba tare da ya kwaikwayi yatsunsa ba. Jitarsa mai kaushi ce, tana nanata sauti guda har sai ya yi nauyi a ƙirji, muryarsa siririya tana rawa a samansa kamar ta mutumin da ke kan hasumiyar da kansa, ya ga abin da ke tafe, yana ƙoƙarin sanar da mutanen gari.