Dutsen Guga Kafin Samfefa: Nazari Kan Gyaran Akwatin Tsohuwar Sifika

Kwanakin baya wani mai gyaran rediyo ya same ni ina goge akwatin wata tsohuwar sifika, ya ce wahalar banza nake yi. A ganinsa kunne ake ba sifika, ba ido ba, don haka in dai na'urar ciki na aiki, a manna wa akwatin fomika ko a buga masa baƙin fenti, magana ta ƙare. Masu wannan ra'ayi suna da yawa, kuma su ne suka rufe akwatuna masu kyau da kafet da leda. Ban yarda da su ba.

Tarihin abin gajere ne. Yanka itace mai tsada falle-falle, wato bawo, a lulluɓe mai araha da shi tsohuwar sana'a ce tun zamanin Fir'aunonin Masar. Da sifika ta shiga falon mutane a Amurka da Ingila, sai aka ɗauke ta a matsayin kayan ɗaki, kamar kabad ko tebur. A 1954 Edgar Villchur da Henry Kloss suka kafa Acoustic Research, suka fito da ƙaramin akwati rufaffe wanda iskar cikinsa ce ke riƙe motsin babbar sifikar. JBL L100 ta fito a 1970 sanye da bawon walnat. LS3/5A, wadda injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1970, filawud ne mai kaurin milimita 12 aka lulluɓe da bawo. Kloss ma da ya kafa Advent, sifikarsa iri biyu ya sayar: mai bawon walnat na gaske, da mai leda mai kama da katako a farashi mai sauƙi.

Gaskiyar mai gyaran rediyon guda ɗaya ce: bawon da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba ba shi ne ke fitar da sauti ba. Amma akwatin yana fitarwa. Rufaffen akwati irin na AR-3 ta Acoustic Research in kusurwarsa ta buɗe, iska za ta riƙa fita, kaurin muryar ya zube. Kuma bawon ne garkuwar allon ciki. Yawancin akwatunan shekarun 1970 da dusar katako da aka matse aka yi su, wadda in ta sha ruwa sai ta kumbura ta riƙa marmashewa. A nan ƙasar Hausa, inda hunturu ke busar da katako har ya tsage, damina kuma ta zo ta jiƙa shi, bawon da ya ɗago ƙofa ce aka buɗe wa lalacewa.

Dabarar da na fi so a wannan aiki ita ce tayar da lotsawa da tururi. A duba saman akwatin a hasken safe, a kwantar da ido daidai da fuskar katakon, za a ga inda wani abu mai nauyi ya taɓa faɗowa ya bar rami. Kafinta mai gaggawa samfefa zai ɗauka ya ci gefen ramin har ya daidaita. Garin neman gira ya rasa ido, domin kafin ya ankara ya huda bawon, allon dusa ya leƙo, kuma wannan tabon babu man da ke ɓoye shi. Mai haƙuri kuwa zai fara tambayar kansa: jijiyoyin itacen yankewa suka yi ko dannewa? In dannewa ce kawai, suna nan, kwanciya suka yi. Sai ya ɗiga ruwa a ramin, ya shimfiɗa farin ƙyallen auduga mai laima, ya ɗora bakin dutsen guga na 'yan daƙiƙoƙi. Zai ji tsuwwar tururi. Ya ɗaga, ya shafa da yatsa, ya sake. A karo na uku ko na huɗu yatsan zai wuce sumul bai ji ramin ba, domin tururin ya kumbura jijiyoyin sun miƙe.

Bakin dutsen gugan kawai ake sawa, ba faɗinsa ba, saboda zafi mai yawa na sassauta gam ɗin da ke riƙe da bawon. Akwatin da aka shafe da mai ya fi karɓar wannan dabara. Mai banish kuwa sai an cire banish ɗin tukuna, in ba haka ba ya yi fari-fari. Bayan nan a bar wurin ya kwana ya bushe. Sai a sa samfefa mai laushi, lamba 220 ko sama, a naɗe ta a ɗan katako, a bi tsawon zanen itacen da hannu, a sassauta sosai a gefuna. Injin samfefa ba shi da aiki a nan ko kaɗan.

Kan shafin ƙarshe ma ina da ra'ayi. Masu son banish mai ƙyalli suna cewa ya fi kariya. Ya fi, amma yana mayar da walnat kamar roba, kuma ranar da ya karce sai an kankare shi duka. Mai irin na linsid ko wanda ake kira Danish shiga cikin itacen yake yi. A shafa, a jira kamar minti 15, a goge ragowar tas, a bar shi kwana ɗaya, a maimaita sau biyu ko uku. Tsummokaran da aka yi aikin da su a baje su a waje ko a jiƙa su a ruwa, domin in aka dunƙule su suna iya kama wuta da kansu.

Sabon bawo fa? Yana da wurinsa, in ruwa ko gara sun gama da tsohon. Ko a nan, a yanko na akwatunan biyu daga falle masu bin juna, domin zanen na hagu ya amsa na dama. Amma wannan matakin ƙarshe ne. Ni a wurina gwanin gyara shi ne wanda ya cire mafi ƙaranci. Walnat ɗin da ya shekara 50 yana shan hasken ɗaki launinsa ya buɗe ya yi ruwan zuma, kuma ba a sayar da wannan launi a gwangwani. Minti biyu na injin samfefa ya isa ya share shi har abada. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka duk wanda ya gaji irin wannan akwati, ko ya tsince shi cikin kayan gwanjo, kada ya yi saurin kai shi a manna masa fomika. Ya fara wanke shi, ya dube shi a haske, ya gwada ƙyalle mai laima da dutsen guga kafin ya taɓa samfefa.