Mudu Biyu

Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ba ta yi wata-wata ba: ta ba su wa'adin kwana bakwai, ko su mai da shi, ko a far musu da yaƙi. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wa Nijar wuta. Faransa ta mara baya, Tarayyar Afirka ta dakatar da ƙasar. Talakan Illela da na Ƙonni ne suka ji a jikinsu.

To, a tuna da Chadi. A Afrilun 2021 Idriss Déby ya mutu, sojoji suka jingine tsarin mulki, suka ɗora ɗansa. Macron da kansa ya je jana'iza, Tarayyar Afirka kuwa ba ta dakatar da kowa ba. Laifin ɗaya ne, laifaffen ne ya bambanta. A Oktoban shekarar 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo, nan kusa da mu, ba mu ji an ba kowa wa'adi ba.

Ku sake karanta Amos 1 da 2. Ya fara da Dimashƙu, Gaza da Taya, inda mai sauraro zai ji daɗi, sannan ya auna Isra'ila da mudun nan dai. Nan ne abin ya dawo kanmu, masu hidima. In an ƙone majami'a, addu'armu takan yi tsawo. Mamatan Goronyo galibinsu Musulmi ne. Mu nawa muka ambace su a sujadar Lahadin da ta biyo baya?