Gwanin da ke farfaɗo da tsohon teburin falo

A Funtua da Malumfashi akwai wata sana'a da ba a cika yi mata kirari ba, wato gyaran tsofaffin teburan tsakar falo, masu gajerun ƙafafu sirara, irin na shekarun 1950 da 1960. Auduga ce ta kawo ma'aikata yankin nan. Kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a garuruwan biyu, layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa Funtua, kuma gidajen ma'aikatan suna buƙatar kayan zama. Irin waɗannan tebura har yau ana tsintarsu a zaure ko a ɗakin ajiya, an lafta musu fenti, wani ma an mayar da shi mazaunin buhun masara.

Gwanin kafinta ba ya fara duba saman tebur. Kifa shi yake yi. Yana son ya ga yadda aka haɗa ƙafa da jiki: in an sassaƙa rami an zura harshen katako a ciki, aikin hannun magabata ne, in ƙusa ce kawai, ya san abin da ke gabansa. Sai ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa ya saurara, domin inda gara ta cinye ciki sautinsa daban yake. Ya ɗan kankare wani lungu ya ga launi. Ja mai duhu, maɗaci ne. Ruwan zuma da ya dafe da shekaru, loko ne, wanda ake kawowa daga kudu.

Wurin cire tsohon fenti ne haƙurinsa ke fitowa, kuma nan ne ya fi burge ni. Da ɓallin kwalba yake kankarewa, a hankali, yana bin jijiyar katako, ba ya ƙetare ta. Sannan ya goge da sanfefa, mai kaushi tukuna, mai laushi daga baya. Ba ya ɗaure gaɓoɓi da damina, don ya san katako na kumbura da laima, ya tsuke da hunturu. Tabon kofin shayi na shekara hamsin kuwa, in bai yi muni ba, yakan bar shi.

A Turai da Amurka masu tara tsofaffin kaya suna zuba kuɗi a kan teburan wancan zamani, kamar wanda Isamu Noguchi ya zana, kamfanin Herman Miller ya fara sayarwa a ƙarshen shekarun 1940. Namu ba su da sunan mai zane a jiki, amma katakonsu na gaske ne, ya fi allon garin katako da ake matsewa yanzu, wanda ruwan tsarki kaɗai kan kumbura shi.

In an gama gyara, kada a cika shi da tarkace. Darduma a ƙasa, tiren shayi ko faifai ɗaya a sama, ya isa. Wanda ke da irinsa a gida, ya kai wa kafinta ya duba kafin yara su faskara shi a yi girki.