Yardar Wa Ake Nema? Sharhi A Kan Ƙa'idojin Binciken Binne Iskar Kabon A Teku

Maƙasudin wannan 'yar takarda shi ne mu yi nazarin ƙa'idojin da ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, watau AGU, ta fitar a shekarar 2024 game da binciken gyara yanayi, musamman abin da ya shafi sa teku ya shanye iskar kabon. Wata daga cikin dabarun ita ce a barbaɗa sinadarin ƙarfe a ruwa don ƙananan tsirran teku masu kama da gansakuka su yawaita, su zuƙe iskar, in sun mutu su nitse da ita ƙasa.

Ƙa'idojin nan biyar ne, kuma ba mu da ja da mafi yawansu. Inda muka tsaya shi ne wadda ta ce a sa jama'ar da abin ya shafa cikin shawara. To, su wane ne jama'ar?

Alal misali, a shekarar 2012 an zuba wajen tan 100 na sinadarin ƙarfe a tekun Fasifik, daura da tsibiran Haida Gwaii na Kanada. Mutanen ƙauyen Old Massett sun yarda, har ma su suka sa kuɗinsu, domin an kwaɗaita musu dawowar kifi. Ke nan an sami yardar ƙauye, amma ba a nemi yardar sauran waɗanda abin zai iya shafa ba, alhali kuwa ruwan teku ba ya tsayawa a bakin gonar mai shi. Bincike na 2023 da aka yi da lissafin kwamfuta ya nuna cewa idan aka yawaita irin wannan aiki a tekun kudancin duniya, tsirran can za su cinye abincin da igiyar ruwa kan kai wa yankunan zafi, kifi ya ragu a can. Kifin ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwar Jega daga teku yake fitowa.

Wataƙila wani daga cikin masu sauraro zai ce, ina ruwan manomin gero na Katanga ko mai albasar Aliero da teku, shi da bai taɓa ganinsa ba? Ai daminarsa daga can take tasowa. Masana sun nuna cewa farin da ya addabi ƙasashen Sahel a 1973 da 1984 yana da nasaba da canjin ɗumin ruwan teku. Saboda haka ba muna cewa a daina binciken ba ne. Shi ma manomin yana da riba in an rage zafin duniya. Muna cewa ne mai rabo ne a riba da hasara duka, amma ba mu ga hanyar da muryarsa za ta isa zauren shawara ba.

Rauni na biyu ya fi wannan tsanani, watau ƙa'idojin ba su da haƙora. Mu a nan mun san abin da hakan ke haifarwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya haɗa yara kusan 200. 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfani kuwa ya musanta, ya ce cutar ce ta kashe su. A lokacin akwai ƙa'idojin neman yarda rubuce a duniya tun da daɗewa. Sai da aka shafe shekara 13, aka kai ga kotu, kafin a yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Jihar Kano a 2009. A can ma akwai sunayen yara da gadajen asibiti da za a nuna. Wanda kifi ya yi wa tsada a Maiyama, wa zai kai ƙara, kuma da wace shaida?

Akwai dai gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Landan a 2013 don ɗaure irin wannan aiki da doka, sai dai shekara goma bayan haka bai fara aiki ba, domin ƙasashen da suka amince da shi ba su kai adadin da ake bukata ba.