Kundin Tsarin Mulkin Benin a Kunnen Mazauna Zongon Kwatano

1.0 Gabatarwa

Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Jamhuriyar Benin ya ɗora wa hukuma wani nauyi da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Ya wajabta mata ta koyar da kundin, tare da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 da yarjejeniyar Afirka ta 1981, ta kuma watsa waɗannan haƙƙoƙi cikin harsunan ƙasa, musamman ta rediyo da talabijin. Sashe na 11 ya ba kowace al'umma damar yin amfani da harshenta a baki da a rubuce. Amma tun a sashe na 1 an riga an ce Faransanci ne harshen hukuma. Ke nan matani ne da aka rubuta da harshe guda, aka kuma yi alkawarin za a ji shi da wasu harsunan.

Unguwar Zongo da ke tsakiyar Kwatano wuri ne da ya dace a gwada wannan alkawari. Sunanta daga zango ya fito, wato masaukin fatake, kuma a kewayen babban masallacinta ana samun Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa, wasu haifaffun Benin, wasu daga Nijar ko Nijeriya. Hausa na cikin harsunan da ke haɗa su a ciniki. Sai dai kalmomin siyasa da mai jin Hausa yake samu a rediyo, galibinsu a Nijeriya da Nijar aka ƙera su, don tsare-tsaren da ba na Benin ba. Wannan takarda za ta duba abin da ke samun matanin idan aka sanya masa waɗannan kalmomi ba tare da an auna su ba.

2.0 Asalin Matanin da Muryarsa

Mathieu Kérékou ya karɓi mulki da ƙarfin soja a watan Oktoba na 1972, ya ɗora ƙasar a kan aƙidar gurguzu, ya sauya mata suna daga Dahomey zuwa Benin a 1975. Da tattalin arziki ya durƙushe, albashi ya gagara, sai aka kira babban taron ƙasa a otel ɗin PLM Alédjo na Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990, a ƙarƙashin jagorancin limamin Katolika Isidore de Souza. Kwamitin da Farfesa Maurice Ahanhanzo-Glèlè ya shugabanta ne ya tsara daftarin, jama'a suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta 2 ga Disamba, aka zartar da shi ranar 11 ga Disamba 1990 da sassa 160. An yi masa gyara a 2019, sannan a ƙarshen 2025 aka sake wani gyaran da ya kafa majalisar dattawa, ya kuma mayar da wa'adin shugaban ƙasa shekara bakwai maimakon biyar.

Wanda ya karanta matanin 1990 a tsanake zai ji muryar mutanen da maciji ya sara. Gabatarwarsa ta jera abubuwan da aka ƙi, irin su kama-karya da son kai da ɓangaranci da mallake mulki a hannun mutum ɗaya. Sashe na 42 ya hana kowa yin fiye da wa'adi biyu, sashe na 19 kuwa ya sauke wa ma'aikaci nauyin biyayya idan umarnin da aka ba shi cin zarafin ɗan Adam ne ƙarara. A sashe na 66 ne harshen ya fi zafi, inda aka mayar da bijire wa masu juyin mulki haƙƙi kuma wajibi a kan kowane ɗan Benin, aka kuma halatta neman agaji ta yarjejeniyoyin soja. Wannan ba adon magana ba ne, domin a yunƙurin juyin mulki na 7 ga Disamba 2025 gwamnatin Benin ta nemi taimakon Nijeriya, jiragen yaƙi suka zo. Mai fassara da ya sanyaya wannan sashe da "ya kamata", alhali "wajibi ne" ake nufi, ya ɓata shi.

3.0 Kalmomin Tsarin Hukuma

Nan ne aron kalmomin Nijeriya ya fi saurin ɓatar da ɗalibi. Benin ba tarayya ba ce. An raba ta zuwa manyan yankuna 12 da ƙananan hukumomi 77, kuma mai riƙe da babban yanki, wato préfet, gwamnati ce ke naɗa shi. Duk wanda ya kira yankin Littoral, inda Kwatano take, da sunan "jiha", ya kira shugabansa "gwamna", ya sa mai sauraro ya zaci akwai zaɓe da majalisar jiha da kasafin kuɗi mai zaman kansa. "Kantoma" ta fi kusa, tunda a kunnen Bahaushe kantoma naɗaɗɗe ne, ko da yake tana ɗauke da ƙanshin riƙon ƙwarya wanda babu shi a nan.

Haka ma "kotun ƙoli". A Nijeriya kotu ɗaya ce ke yanke hukuncin ƙarshe a shari'un yau da kullum da kuma fassarar tsarin mulki. A Benin an raba aikin: akwai kotun ƙoli, akwai kuma kotun tsarin mulki mai alƙalai bakwai, huɗu daga shugabannin majalisar dokoki, uku daga shugaban ƙasa. Ita ce a watan Yuli na 2006 ta soke ƙarin wa'adin da 'yan majalisa suka yi wa kansu daga shekara huɗu zuwa biyar, bisa hujjar cewa gyaran ya saɓa wa daidaiton ra'ayin ƙasa da aka gina kundin a kansa. Haɗa kotunan biyu a suna ɗaya ya ɓoye abin da ya fi komai bambanta tsarin Benin.

4.0 Haƙƙi da 'Yanci

Kalmar droit a Faransanci tana ɗaukar doka, tana kuma ɗaukar haƙƙi. Liberté ita ce 'yanci. A Hausar rediyo ana musaya "'yancin ɗan Adam" da "haƙƙin ɗan Adam" tamkar abu ɗaya ne. Ba haka suke ba. 'Yanci daga ɗa ya samo tushe, kishiyar bawa, shi ya sa a karin harshen yamma ake cewa ɗiyauci. Haƙƙi kuwa, wadda aka aro daga Larabci, ba ta tsayawa ita kaɗai: in an ce mutum yana da haƙƙi, to akwai wanda haƙƙin yake wuyansa, kamar yadda ake cewa haƙƙin maƙwabci ko cin haƙƙin maraya.

A wannan gaɓa Hausa ta fi harshen asali fayyace magana, idan aka yi amfani da ita da kyau. Sashe na 25, mai magana a kan zirga-zirga da kafa ƙungiya da taro, 'yanci ne, wato hukuma ta kauce ta ba da wuri. Sashe na 18 kuwa haƙƙi ne: ba a tsare mutum fiye da awa 48 sai da iznin alƙalin da aka gabatar masa da shi, kuma ko an ƙara, ba za a wuce kwana takwas ba. Ɗan kasuwar da aka kama a bakin tasha yana bin hukuma wannan bashi. Haka sashe na 22, wanda ya hana ƙwace dukiyar mutum sai don amfanin jama'a, tare da biyan diyya ta adalci tun kafin a karɓa. Wannan "tun kafin" ita ce zuciyar sashen, kuma ita ce ta fi saurin faɗuwa a fassarar baka.

Raunin matanin kansa shi ne yawan jingina 'yanci ga sharuɗɗan da wata doka za ta gindaya daga baya. Ɗabi'a ce ta rubutun shari'a irin na Faransa, amma sakamakonta shi ne abin da kundi ya bayar da hannun dama, majalisa na iya rage shi da hagu. Bai halatta mai fassara ya rufa wa matanin asiri ta hanyar zubar da wannan jingina ba.

5.0 Hukuma da Addini

Sashe na 2 ya siffanta jamhuriyar da kalmar laïque, sashe na 156 kuma ya hana a taɓa wannan siffa ko a wane gyara. An saba fassara ta da "ƙasar da ba ruwanta da addini". A ƙofar masallacin Zongo wannan magana tana iya fita da ma'anar ƙasar da ta yi watsi da Allah. Ba abin da ake nufi ke nan ba, tunda sashe na 23 ya tabbatar da 'yancin ibada, kuma ana hutun Sallah da na Kirsimeti da na addinan gargajiya. "Hukumar da ba ta fifita wani addini" ta fi tsawo, amma ta fi gaskiya. Muhimmancin zaɓin ya fito a farkon 2017, lokacin da matakin hana mamaye tituna a Kwatano ya shafi sahun sallar Juma'a da ke malalowa waje, gardama ta tashi har shugaba Patrice Talon ya gana da shugabannin Musulmi. A irin wannan lokaci, fassarar da aka ɗauka ita ce ke nuna wa mai sauraro ko maganar titi ake yi ko ta addininsa.

Rantsuwar shugaban ƙasa a sashe na 53 ta ƙara ɗaure lamarin, domin ana yin ta ne a gaban Allah da ruhin kakanni da al'ummar ƙasa. Da Kérékou ya dawo mulki ta hanyar zaɓe a 1996, yana mai riƙo da Kiristanci sosai, ya tsallake ambaton kakanni. Kotun tsarin mulki ta ce rantsuwar ba ta inganta ba, sai da ya sake ta. 'Yan kalmomi ne kawai, amma sun tsayar da kama mulki. Mai fassara Musulmi zai ji sha'awar ya lulluɓe su da "magabata" ko "tarihin ƙasa" don kada ya ɓata wa masu sauraro rai. In ya yi haka, ya maimaita abin da kotu ta soke.

6.0 Ɗan Ƙasa da Baƙo

Kalmar da ta fi kowace nauyi ga mazaunin Zongo ita ce citoyen. "Talaka" ba ta yi ba, domin talaka wanda ake mulka ne, shi kuwa citoyen mai rabo ne a cikin mulkin. "Ɗan ƙasa" ce aka saba, amma a Hausar zango tana da kishiya, wato baƙo, kuma ma'aunin a nan asali ne: jikan bafatake yana iya kiran kansa baƙo ko da shi da mahaifinsa a Kwatano aka haife su. Kundin bai san wannan ma'auni ba. Abin da ya sani shi ne matsayin mutum a doka, har ma sashe na 44 ya yarda wanda ya samu zama ɗan Benin ta hanyar takarda ya nemi shugabancin ƙasa bayan shekara goma, abin da sashe na 131 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai yarda da shi ba. Wanda ba ɗan Benin ba ma, sashe na 39 ya ba shi haƙƙoƙi irin na 'yan ƙasa, bisa sharuɗɗan doka.

Illar rikita ma'anonin biyu tana bayyana a sassa na 3 da na 122, waɗanda a matanin 1990 suka buɗe wa kowane citoyen ƙofar kai ƙara kotun tsarin mulki kai tsaye a kan dokar da yake ganin ta saɓa wa kundin. Idan mai shiri a rediyo ya ce "kowane ɗan ƙasa" ya yi shiru, tela ko mahauci a Zongo, mai katin shaidar Benin a aljihunsa, zai iya ɗauka da Fon da Gun ake, ba da shi ba. Dole a ƙara bayani: duk wanda doka ta san shi a matsayin ɗan Benin, ko daga ina kakansa ya zo.